Saiwar Barcin Da Ake Hana Wa Fure

Mai karatu, idan cunkoson Legas ko ƙarar janareton maƙwabta na hana ka runtsawa, wataƙila an taɓa miƙo maka kwalbar da aka rubuta wa Valerian a kantin magani. Kafin ka zaro kuɗi, bari mu leƙa gonar da ta fito.

Baleriyan tsiro ne na Turai da wasu sassan Asiya, mai son sanyi da ƙasa mai danshi. Saiwarsa ake sha. Tun ƙarni na 2 likitan nan Galen yake ba marasa barci ita. In ta bushe kuwa, warinta sai ka ce safar da ta kwana uku a ƙafa. Kyanwa kaɗai ke murna da shi.

Ni nomansa ne ya fi ɗaukar hankalina. A ƙasashe irin su Foland da Jamus, manomi kan sare karan furen da zarar ya leƙo, don ƙarfin tsiron ya koma ƙasa. Da kaka sai a tono, a nan wahalar take. Saiwoyin sirara ne, a cukurkuɗe kamar gashin da ya daɗe bai ga mataji ba, ƙasa ta maƙale a ciki. A matsa wajen wanki, a yi asara. A shanya a zafin da ya haura digiri 40, man da ke ciki ya tsere. Shi ya sa masu binciken iri a jihar Babariya ta Jamus suka duƙufa neman irin da saiwarsa ta fi kauri, mai sauƙin wankewa, ba tare da sinadarin maganin ya ragu ba.

Ka ga ke nan kwalba biyu masu suna ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Wadda ba ta da lambar NAFDAC, ni ba na ko ɗaga ta.

Shin tana aiki? Kan masu bincike ya rabu. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a hankali take yi, sai an jera mako 2 zuwa 4. Kada ka haɗa ta da ƙwayar barci irin su diyazefam, kada ka sha ka kama sitiyari. Uwargida, in kina da ciki ko goyo, ki bar ta, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. Wanda ya shafe wata guda yana ƙirga kiran sallar farko ido biyu, ya je likita ya duba shi.