Da bulala na je, da baki buɗe na dawo

Wallahi da idona na gani! Ranar Asabar da hantsi na bi sawun ɗana a ɓoye har bakin ruwan Borokiri a nan Fatakwal, da bulala a hannu, don an tsegunta min can yake sulalewa. Ina isa na hango yaro tsundum a ruwa, yana sara hannu kamar jikan Sarkawa. Ni da ko kududdufi mahaifiyata ba ta bari na kusanta ba a Kano! Ƙafafuna suka ɗau rawa. Zan kurma ihu kenan ya ce, "Baba, tsaya ka gani," ya kwanta rigingine a kan ruwa, lamo, sai ka ce a tabarma.

Ashe wani dattijon masunci ne ɗan Okirika ke tara yaran unguwa, nasu da namu, in ruwa ya janye. Ko sisi ba ya karɓa. Kayan aikinsa igiya, tsofaffin jarkoki da doguwar gora. Na ji yana nanata musu: in ka ga wani na nutsewa kada ka faɗa, miƙa masa gora ko ka jefa jarka.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, na duƙufa a waya. Kai jama'a! Irin abin da tsohon nan ke yi, a Bangaladash shiri ne guda, SwimSafe, na cibiyar CIPRB. Da gora suke killace gefen tafkin ƙauye, matasan gari su koya wa yara iyo na mita 25, tsayuwa a ruwa daƙiƙa 30, da ceto daga tudu. Binciken da mujallar Pediatrics ta buga a 2012 ya nuna mutuwa ta nutsewa ta ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari a tsakanin yaran da suka shiga. Da gora fa! Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ruwa ya ci mutum 300,000 a 2021 kaɗai.

Nan Bagwai ta faɗo min a rai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke can, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, Allah ya jiƙansu. Iyo ba ya hana lodin ganganci, na sani. Amma daƙiƙa 30 ɗin nan, kafin wani kwale-kwale ya iso?

Ruwan Borokiri dai ba abin yabo ba ne, wani lokaci har maiƙon mai kake gani a samansa, sai da na sa yaron wanka da sabulu sau biyu. Bulalar tana can inda na yar da ita. Asabar mai zuwa zan kai ƙannensa biyu, har da macen.