Haƙurin Remi da Haƙurinmu

Wata ranar Juma'a da dare na tarar da ɗana na fari zaune a zaure, salula a hannu, hawaye na bin kumatunsa. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa, Naruto yake kallo. Har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna cewa ni ma na taɓa zubar da irin wannan hawaye saboda wani yaro na zane mai suna Remi.

A shekarar 1994 ne, wadda cikin watan Janairunta aka karya darajar sefa, kuɗi suka rasa rabin ƙimarsu a dare ɗaya. Mahaifina malamin lakkwal ne a Damagaram, albashi kuwa sai a yi wata biyu, wata uku ba a gan shi ba. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ya sayo bidiyo da kaset-kaset, kowace yamma mu yara mu cika masa tsakar gida. A nan na san Remi.

Mutanen Japon ne suka zana shi a 1977, kashi 51, ƙarƙashin jagorancin Osamu Dezaki, daga littafin da Bafaranshe Hector Malot ya wallafa a 1878. Mijin marikiyarsa ya miƙa shi ga tsoho Vitalis, mai yawon wasa da karnuka uku da biri ɗaya. Kyarketai suka cinye karnuka biyu, sanyi ya kashe birin, daga bisani tsohon ma ya cika a daren hunturu. Duk da haka gobe sai mu koma, muna ture juna wajen neman wurin zama.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ke mayar da mu. A gidanmu, in mahaifiyata ta rage awon hatsi, ba ta cewa kome, mu ma ba mu cewa kome. Amma a allon bidiyo, in yunwa ta kama Remi, sai hoton ya tsaya cak bisa fuskarsa, kamar yadda Dezaki ya saba yi, har kowa ya gani. Wahalarsa tana da shaidu, tamu kuwa ba ta da su. Na biyu, wahalarsa tana da iyaka: a ƙarshe ya gano mahaifiyarsa. Haka Naruto, marayan da mutanen garinsu suka ƙyamata, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014: sai da ya sha babi 700 na duka da rashi, sa'an nan ya zama shugaban garin. Yaro yana iya jure kallon kowace azaba muddin an yi masa alkawarin cewa ba a banza take ba.

Japanawa suna da kalma, gaman, wato jure abu mai wuya cikin mutunci ba tare da ƙorafi ba. Ƙanwar haƙurinmu ce. Amma suna da wata kuma, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki, wadda ta kai su ga kafa dokar yaƙi da ita a 2014. Ashe su ma sun gano cewa juriya tana iya zama igiyar da ake ɗaure mutum da ita.

Ya ku masu karatu, ma'aikata da ƴan kasuwa, wane ne cikinmu bai san wannan igiya ba? Wanda ya riƙe maka haƙƙinka shi ne farkon mai ce maka ka yi haƙuri. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma sun ce dafawa, ba zama a zuba wa dutse ido ba. Remi bai zauna ba. Ya koyi karatu bisa hanya, ya koyi kiɗa, ya shiga ramin haƙar gawayi, kullum ƙafarsa na gaba. Mahaifina ma haka: ya koma gona da damina, ya ci gaba da koyarwa, ran da abokan aikinsa suka shiga yajin aiki kuma ya fita tare da su.

Daren nan ban yi wa ɗana faɗa ba. Na jawo tabarma na zauna, na ba shi labarin Remi da na kakansa. Da na gama sai ya ce: “Baba, to an biya kaka kuɗinsa?” Na ce an biya wani abu, saura kuwa har ya koma ga Allah bai daina tambaya ba.