Akun da na ɗora a kan tankin ruwan Kawu

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau mai tsawo ne. Tun ranar da na gabatar da seminar farko ta mastas ɗina, mutum kusan biyar suka tare ni, wani a ƙofar masallaci, wani a teburin mai shayi, wai mece ce wannan 'yar akwatin da ta yi magana a gaban malamai har aka yi dariya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Bari in zuba shi a nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in turo shi ya karanta.

Abin ya faro ne a yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu, ba a fita ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ina gida a Suleja, ba karatu ba sana'a, sai cin tuwon Inna da amsa tambayar "yaushe za ku koma?" Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu. Sun yi karo-karo sun sayi oba-oba guda shida, irin Baofeng ɗin nan da kowa ya sani. Matsalarsu ɗaya: unguwar ta rabu biyu, akwai tudun dutse a tsakiya. Wanda ya san Suleja ya san haka ƙasar take, ba Dutsen Zuma kaɗai ba, wanda ke bayan takardar naira ɗari. Duwatsu ne da kwaruruka ko'ina. Su kuma irin waɗannan rediyoyin, masu aiki a VHF da UHF, kusan kamar ido suke: abin da eriya ba ta hango ba, da ƙyar take jinsa. Na wannan gefen ya yi ta kira, na bayan tudu bai san ana yi ba.

Za ka ce ai ga waya. To, waya mutum ɗaya take kira, sai da kati, sai da caji, kuma a can kwarin sabis yana zuwa ne idan ya ga dama. Oba-oba kuwa ka danna sau ɗaya, duka biyar ɗin sun ji.

Wata rana bayan magariba Kawu ya dube ni ya ce, "Kai Injiniya, wannan karatun naka da ba ya ƙarewa, ba zai iya sa magana ta tsallake dutse ba?"

Na ce, "Kawu, zai iya. Sai dai ku ba ni lokaci." A raina kuwa ban san ta inda zan fara ba.

Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a sa rifita, wato na'urar da za ta zauna a wuri mai tsayi, ta karɓi magana ta sake watsa ta. Rifita ta sosai tana saurare a mita ɗaya, tana watsawa a wata mitar, duka a lokaci guda. Don kada watsawarta ta toshe mata kunne, sai an haɗa mata wasu gwangwanayen ƙarfe masu tace mita, ana ce musu dufuleksa. Da na duba kuɗinsu sai na rufe shafin. Amma akwai ta talaka. Rediyo ɗaya, mita ɗaya: ta saurara, ta naɗe abin da aka faɗa, mai magana ya saki maɓalli, ita kuma ta danna nata ta maimaita. Masu harkar rediyo a ƙasashen waje aku suke ce mata, kuma sunan ya dace.

Zuciyar akun nawa wata 'yar ai-si ce, ISD1820, da ake sayarwa a kan ɗan allo bai kai tafin hannu ba, da makirfo da maɓallai uku. Wani abokina ya kawo min daga Abuja. Asalin fasahar ta wani kamfanin Amurka ce mai suna Information Storage Devices, tun wajen farkon shekarun 1990, daga baya ta koma hannun Winbond na Taiwan, sannan Nuvoton. A manyan rifitoci ma irin waɗannan ai-si ɗin ake sa wa su riƙa faɗin sunan tasha lokaci-lokaci.

A nan ne abin ya kama ni, don abin da na karanta a takardar bayaninta ya saɓa wa yadda kaina ya saba. Mu an raine mu a kan cewa murya sai an mayar da ita lambobi, sifili da ɗaya, sannan a adana. Wannan ba ta ƙirga komai. Makirfo ya mayar da murya wutar lantarki mai hawa da sauka. Ai-si ta ƙara mata ƙarfi, ta daidaita ta yadda mai ihu da mai raɗa za su fito kusa da juna, ta tace sautukan da suka yi mata sama da yawa. Sai agogon cikinta ya riƙa ɗibar wannan wutar, sau dubbai a sakan ɗaya. Kowace ɗiba ana zuba ta a ɗan ɗaki nata, wani ɗan transista mai ƙofar da aka kewaye da abin da wuta ba ta ratsawa. Cajin da ya shiga ba shi da hanyar fita. Yawansa shi ne ƙarfin muryar a daidai wannan ƙiftawar.

Da zan yi wa ƙanwata bayani, da tukwane na yi mata, tunda mu 'yan garin tukwane ne (a nan Ladi Kwali ta yi aikinta, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, ga ta nan a bayan naira ashirin). Na ce ki ɗauka an jera tukwane 64,000. Murya ta zo, ana zuba wa kowace tukunya ruwa gwargwadon ƙarfinta a lokacin: wannan rabi, ta gaba ta kusa cika, ta gaba kaɗan a ƙasa. Kwamfuta za ta auna ruwan ne ta rubuta lamba a littafi, ta zubar. Wannan ruwan kansa take ajiyewa. Idan za a maimaita, sai a bi tukwanen a jere da saurin da aka cika su, a leƙa kowace, a wuce da abin ta wata matatar da za ta goge tsalle-tsallen da ke tsakani, murya ta dawo. Ko an cire batir ruwan yana nan. Sabuwar magana ce kawai ke zubar da tsohuwa.

Sauran aikin na dalma ne da haƙuri. Na ɗauko sauti daga ramin sifikar rediyon zuwa ai-si. Na lura 'yar fitilar rediyon tana yin kore duk lokacin da magana ta shigo, sai na ja waya daga nan zuwa Arduino: kore ta kama, a fara naɗa, ta mutu, a jira rabin sakan, transista ta danna maɓallin magana, a sako. Kwana huɗu na yi ina faɗa da wata matsala, da zarar rediyon ya fara watsawa sai Arduino ya rikice ya koma farko. Ashe wayoyina ne suka yi tsawo suka zama eriya. Na gajarta su, na nisanta eriyar, aka zauna lafiya. Muka sa komai a robar fenti, da ƙaramin batir da faifan sola, muka ɗaure a ƙarfen tankin ruwan gidan Kawu, wanda ke kan tudun.

Ranar gwaji, yaron da muka tura bayan dutse ya ce "kuna jina?", sai ga muryarsa ta fito a hannun kowa. Wallahi har tafi aka yi. Sai Kawu ya karɓa.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a barkanmu da yamma, ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari, to madalla, wato abin da nake so in ce..."

Ƙit. Aku ya yanke.

Sakan goma ne iyakarsa. Tukwanen ba sa ƙaruwa. Akwai rezista guda ɗaya a kan allon da ke saita saurin agogon. Mai 100k ce a kai, tana ba da ɗiba 6,400 a sakan, tukwane su cika a sakan goma. Idan ka sa mai 200k, ɗibar ta koma 3,200, ka samu sakan ashirin. Kawu ya ce shi ba zai yi magana da mutane ba gaisuwa kamar wani soja ba, a ƙara lokaci. Ni kuma ina son in burge. Na canza rezistar.

Duk wanda ya yi kwas ɗin siginal ya san abin da na sayar a nan, don mun haddace Nyquist mun rubuta a jarrabawa: ba za ka iya adana sautin da kaɗawarsa ta wuce rabin saurin ɗibarka ba. A 100k ai-si tana wucewa da sauti har kaɗawa 2,600 a sakan. A 200k sai 1,300. Wayar tarho ta da ma tana kaiwa 3,400. Na san lissafin sarai. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani ba shi ne, waɗanne haruffa ne ke zaune a saman can. Su s ne, da sh, da ts, da f. Karin sautin Hausa, hawa da saukar murya, yana ƙasa, shi ya tsira. Shi ya sa idan ka ji akun sai ka rantse ka gane maganar: muryar Kawu ce, salon maganarsa ne, sai dai kamar yana yi da bargo a baki. Na ji haka, na ce ai ana ganewa.

A cikin watan Agusta, wani dare ana ruwa, an kwana uku ba wuta, wayoyin mutane duk sun mutu. Wajen ƙarfe biyu naƙuda ta kama matar wani maƙwabci a bayan tudu, ta zo da zubar jini. Mijin ya fito a guje ya ci karo da ɗan sintiri. Yaron ya yi daidai, ya kira ya ce a turo mai Keke Napep gidan da ke bayan tsohon masallaci. Aku ya maimaita. Wanda ke wannan gefen, ga ruwa na dukan kwano, ya ji "sabon masallaci". Ya tashi mai keken, suka nufi can, wata kusurwar unguwar daban. Sai da suka yi ta buga ƙofar mutane, aka sake kira sau biyu, kowane kira kuma sai ka jira aku ya gama nasa, kafin aka gane. An yi asarar minti ashirin ko fiye.

An kai ta asibiti, an yi mata ƙarin jini, ta sauka lafiya, namiji. Alhamdu lillahi. Ba wanda ya ce laifina ne, mijin har godiya ya zo yi min, yana cewa ba don na'urar ba da bai san yadda zai yi ba. Ina amsawa, cikina yana juyawa. Na san abin da na cire da hannuna, da ƙarfen narka dalma, don a ce min sannu.

Washegari na hau tankin na sauko da robar. Na mayar da 100k. Na je na samu Kawu, na durƙusa na gaya masa yadda abin yake, har da tukwanen. Na ce, "Kawu, ko dai ku gaisa a ji ku dishi-dishi, ko ku taƙaita a ji ku tar. Ba za a samu duka biyun ba."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Babu babbarta?"

Akwai. ISD2560 tana da ɗakuna 480,000, minti ɗaya cif a ɗiba 8,000. Amma na nuna masa ɗaya gefen: duk abin da aka faɗa sai an ji shi sau biyu. Mutum ya yi minti ɗaya, aku ya yi minti ɗaya, minti biyu ke nan layin yana toshe, mai neman agaji ba shi da ta inda zai shiga. Kuma akun ba shi da sirri ko kaɗan. Duk mai irin rediyon da ya laluɓo mitar, na kirki ko ɓarawo, yana ji, yanzu ma daga nesa fiye da da. Gajeriyar magana ta fi mana ta kowace fuska.

A daren ya tara yaransa ya kafa doka, kuma yadda ya tsara ta ya fi abin da zan iya rubutawa a babi na uku. Sallama gajeriya, ba a barinta. Sai wuri, a faɗa sau biyu. Sai abin da ya faru. Ba a cewa tsoho ko sabo, an raɗa wa masallatan suna: na Kwari da na Tudu. Sunan mai gida ba ya shiga rediyo. Gaisuwa kuma, in ji shi, a zo gida a yi ta da shayi.

Da aka janye yajin aiki na canza musu allo sabo, na taho da tsohon a jakata, ya yi watanni a cikin akwati ba batir. Da na zo zaɓar abin da zan yi bincike a kai, na ɗauki wannan: yaya ƙarancin faɗin sauti ke shafar fahimtar kalmomin Hausa a rediyo, waɗanne kalmomi ne ke rikiɗewa, a wane mataki. Gwaje-gwajen fahimtar magana da na samu a littattafanmu da jerin kalmomin Turanci aka gina su, don haka sai na haɗa nawa jerin: tsaya da taya, sara da tsara, shafa da safa, irin su.

A wajen seminar wani malami ya tambaye ni, cikin raha, me ya kai ni ga tsohuwar fasaha ana zamanin dijital, kuma ma abin yana aiki kuwa? Na sa batir na danna maɓallin. Ni kaina ban san abin da ke ciki ba. Sai ga Kawu, a ɗakin semina, daga daren ƙarshe kafin in cire allon: "Salamu alaikum. Tudu, Tudu. Lafiya lau. Wanda ya ɗauki tocilata ya dawo min da ita."

Dariyar da kuka ji ke nan.

Yanzu ga roƙona. Ina neman mutum talatin da za su saurari jerin kalmomin su rubuta abin da suka ji, minti goma sha biyar ne kacal. Ina son a samu Sakkwatawa da Katsinawa da Zazzagawa, kada Kananci ya cinye sakamakon, kuma ina son mata su kai rabi. Sannan duk wanda ya taɓa bin hanyar neman izinin mita wa ƙungiyar unguwa, don Allah ya yi min magana, Kawu ya ce ba ya son su ci gaba da aiki ba takarda. Ina ɗakin gwaji kullum daga bayan la'asar, ban da Juma'a.