Hawa da Kabbara, Gangara da Tasbihi

 

Iyaye da dama a wannan ƙungiya tamu sun sha kawo mana tambaya ɗaya, ko da yake kowa da irin lafazinsa. Yaro ya tara 'yan kuɗinsa, ya ƙwallafa rai a kan babban babur irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, yana kuma cewa zai riƙa bin ayarinmu zuwa Garwa. Shin a bar shi, ko a hana shi? Mu da ake tambaya ba malamai ba ne, ba kuma dillalai ba. Magidanta ne 'yan Ngaundare da muka saba haɗa babura muna ziyartar dangi a arewa, don haka abin da hanya ta nuna mana shi za mu faɗa.

Daga Ngaundare zuwa Garwa tafiyar kimanin kilomita 280 ce a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Ngaundare tana zaune bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku, Garwa kuwa tana kwance a bakin kogin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba. Kaso mai yawa na wannan rata a wuri guda ake sauke shi, wato gangaren nan da kowa ke kira Falez, kafin a isa garin Mbe. Wanda ya bar gida da asuba yana rawar ɗari, kafin hantsi ya dubi ludayi zai ji zafin kwarin Binuwai ya tarbe shi kamar an buɗe masa bakin tanda. Tsakanin sanyin da zafin kuwa kwana ce a kan kwana, dutse a wannan hannu, rami a wancan. Kuma ba mu kaɗai ke bin ta ba. Tun da layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 ya tsaya nan, kayan da jirgin ƙasa ya kawo domin arewacin Kamaru da Chadi a kan manyan motoci suke ƙarasawa, kuma ta Falez za su bi. Tirela mai hawa tana jan ciki kamar kunkuru, tana tsiyayar man gazuwal a kan kwalta. Mai gangarowa kuwa, ƙaurin birkinta kan riga ta isowa. Ga garken shanu da ba ya neman izinin kowa kafin ya ƙetare.

Abin da ya fara ɗaure ayarinmu shi ne sunna. Ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa an umarci matafiya, ko da mutum uku ne, su shugabantar da ɗayansu. Saboda haka ba mu tayar da inji sai mun naɗa amiri, kuma ba mu duban wanda ya fi gudu ko wanda baburinsa ya fi tsada. Mai sanyin rai muke nema, wanda ya san inda kowace kwana ta ɓoye abin da ta ɓoye. Mukan karanta addu'ar hawa abin hawa wadda ke cikin Suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da ta 14. Bukhari kuma ya ruwaito daga Jabiru ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai sukan yi kabbara in sun hau tudu, su yi tasbihi in sun gangara. Wanda bai taɓa sauka Falez a kan taya biyu ba, ba zai san daɗin wannan ba. Harshe in ya kama tasbihi a cikin hular kwano, numfashi yakan daidaita, kafaɗa ta saki, hannu ya daina damƙar birki irin damƙar mai tsoro. Zancen salla kuwa mai sauƙi ne: tafiyar ta zarce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka gindaya, don haka muna ƙasaru matuƙar ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu a Garwa ba.

Tsarin tafiya shi ne amiri a gaba, sabon shiga a bayansa kai tsaye, sannan wanda ya fi kowa sanin gyara ya rufe baya da kayan aiki da akwatin magani. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mukan jeru a karkace, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowa ya bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke saitinsa. Da an shiga kwanoni sai a koma sahu ɗaya, a ƙara tazara, domin kowa na bukatar faɗin hannunsa duka. Ba a wuce ɗan'uwa a cikin ayari. Ba a wuce tirela don kawai na gaba ya wuce, kowa da idonsa zai duba. Mutum shida ko bakwai sun isa. In aka fi haka mukan rabu gida biyu. Saurin ayari kuwa saurin mafi rauninmu ne, wannan ba a musu a kansa.

Shekarun baya wani saurayi ya biyo mu a kan baburin tsere, irin wanda mahayinsa ke kifa ciki bisa tanki. Tun daga bakin gari ake ganin yana ƙaiƙayi. Da muka tsaya a kan tudu kafin gangara, amirinmu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka zauna a bayana. Garwa ba ta gudu." Ya ce, "To, Baba Alhaji." Kwana ta uku ba mu ƙara ganin ko ƙurarsa ba. A can ƙasa muka iske shi zaune a gefen hanya yana riƙe da kafaɗa, baburin na kwance cikin ciyawa, ga sheƙin gazuwal a kan kwalta inda tayar gaba ta zame. Allah ya taƙaita, ƙashin wuya ne ya karye, hular kwano kuma ta ɗauki abin da kai zai ɗauka. Mutum biyu suka koma da shi asibiti cikin motar haya. Aikin da ya fi kowanne nauyi a ranar shi ne na wanda aka wakilta ya je ya yi sallama a ƙofar mahaifiyarsa.

Wannan ne ya kawo mu ga zaɓen babur. Tsakanin baburin tsere da jibgegen baburin yawon duniya akwai wani jinsi da masu ƙira suka yi domin doguwar tafiya mai kwanoni. Yana da kuzarin na tsere, amma mahayi yana zama kusan a miƙe, da gilashin tare iska, da babban tanki, da akwatunan kaya a gefe biyu. Zaman nan a miƙe shi ne rabin amfaninsa. Wanda ya kifa ciki na sa'o'i huɗu, wuyansa da wuyan hannunsa sun gaji kafin ya iso inda ake bukatar hankalinsa, ga shi kuma ba ya hango nesa. Manyan wannan jinsi da ake samu na hannu daga Turai sun haɗa da Yamaha FJR1300, wanda ya fito a 2001 da tanki mai cin lita 25, da Honda ST1300 na 2002 mai lita 29, da BMW R1200RT na 2005, da Kawasaki 1400GTR. Dukkansu da sandar ƙarfe suke juya tayar baya, wadda makanikai ke kira kardan, don haka babu wankin sarƙa da shafa mata mai, abin da mai tafiya cikin ƙurar hunturu zai yaba. Sai dai nauyi. FJR1300 da mai a ciki ya kusa kilo 290, ST1300 ya haura 300. A kan kwalta mai kyau ba a jin wannan nauyi, amma ranar da tirela ta tsaya cak a tsakiyar hawa, mutum ya sauke ƙafa a kan tsakuwa, sai ya san abin da ya saya. Cikinsu kuma yana kusa da ƙasa, ramukan hanyarmu ba su jin kunyarsa.

Ra'ayinmu, kuma mun san akwai masu ja, shi ne matsakaicin babur mai inji tsakanin sisi 650 da 900 ya fi dacewa da ƙasarmu. Akwai Kawasaki Versys 650, da Yamaha Tracer da ya fito a 2015, da Honda VFR800 ga mai son abin da ya ɗan karkata wajen tsere, ko da yake gyaran injinsa sai gwani. Akwai kuma Suzuki V-Strom 650, wanda masana za su ce ba cikakken ɗan wannan jinsi ba ne, gaskiya ne kuwa, amma tayarsa ta gaba mai inci 19 da tsayin cikinsa suna yafe wa mahayi ramuka da yawa. Ƙarfinsa ya kai na doki 70 ko kusa da haka, wato wajen rabin na FJR1300, kuma ninki biyar ko shida na ƙananan baburan da yaranmu suka koyi tuƙi a kai. Wanda doki 70 bai ishe shi sauka Falez ba, ba Garwa yake nema ba.

Duk wanda aka zaɓa, a nemi mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa in an damƙe shi a firgice. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin ƙirar babura da suka haura sisi 125 tun 2016, saboda haka na hannu da suka fito bayan nan suna ɗauke da shi. A duba shekarun taya, kada a ruɗu da zanenta: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar, kuma tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta fara ƙeƙashewa ko da ba ta taka ƙasa ba. A sauya ruwan birki, domin yana shan danshi, in kuma ya yi zafi a doguwar gangara sai ya tafasa, mutum ya matsa ya ji wayam. Don haka ne ma ake sauka da giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe nauyi, birki ya huta. A kuma tambayi makanike tun kafin a biya ko yana iya samo kayan gyaransa. Waɗannan injuna masu fesa mai ba su jure wa man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa. Datti kaɗan ya isa ya kashe famfon mai, a bar mutum da tura kilo ɗari biyu a rana tsaka.

Saura maganar da ta fi shafar gida. Kuɗin babur ba ya ƙarewa a hannun mai sayarwa. Akwai duwan, da takardun mallaka, da inshora, da lasisin rukunin A, sannan hular kwano mai rufe haɓa, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Wanda kuɗinsa bai kai ga waɗannan ba, kuɗinsa bai kai ga babur ba tukuna. Ba mu karɓar wanda ya ci bashin ruwa ya saya, haka nan wanda muka san cefanen gidansa ko kuɗin makarantar 'ya'yansa ne ya koma tayoyi. Saurayi kuwa sai mun ji daga bakin mahaifinsa, mahaifiyarsa kuma ta sani ta sa albarka, ko da a dole zuciya ta yarda.

In an cika waɗannan, mukan ce wa uba ya bar mana shi. Yaron da aka hana sau da yawa yakan saya a ɓoye, ya koyi gudu da dare wurin sa'o'insa. Wanda ya shigo ayari kuwa, tafiya uku zai yi a bayan amiri, ba goyo, ba wuce kowa, kafin a ba shi wuri a tsakiya. Muna fita ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, kafin zafin bazara ya sauka a Garwa, ba mu kuma yarda magariba ta riske mu a hanya. Da mun tsallake gadar Binuwai mun kashe injuna, kafin a sha ko ruwa, amiri yakan tsaya a kan kowane yaro har sai ya ji ya kira gida.