In Kwamfuta Ta Ƙi Yatsanka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bayanin wani abu da ke damunmu a nan ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi, watau buɗe kwamfutar hannu da yatsa.

Yawancinmu kwamfutocin gwanjo gare mu, waɗanda tsufa ya hana su ɗaukar Windows. Don haka muka koma ga Linux, tsarin nan na kyauta da wani ɗalibi na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya faro cikin 1991, wanda kowa ke da iznin ya leƙa cikinsa ya gyara. Ni irin da a ke kira Ubuntu na ke aiki da shi, a ciki kuwa na ke ajiye makin yarana na shekara duka. To, sau da yawa na kan ga mutum ya dangwala yatsa sau goma kwamfuta ta ƙi shi, ga shi tun da ya saba da yatsa ya manta kalmar sirrinsa. Sai ya biya kuɗin mota zuwa Gusau a share masa kome da kome, aikin shekara ya tafi. Ɓarna ke nan, domin galibi abin bai kai ga haka ba.

Da fari a tambayi kwamfuta ko ta san ɗan idon nan da a ke ɗora wa yatsa. A buɗe tagar da a ke rubuta umurni, a rubuta lsusb, za ta jero kayan da ke jikinta, kowane da lambarsa. Lamba mai farawa da 27c6 ta kamfanin Goodix ce, 06cb kuwa ta Synaptics. Sa'an nan a duba jerin da masu aikin libfprint suka ajiye a intanet, su ne 'yan sa kai da ke koya wa Linux karatun yatsa. In lambarka ba ta ciki, to, ka huta da wahala, ba gyaran da wani zai yi maka a kasuwa. Dalili kuwa, ba duk masu ƙera idon ke yarda su bayyana yadda ya ke aiki ba. In tana ciki, sai a rubuta fprintd-enroll a koya mata yatsa, a gwada da fprintd-verify, kana a rubuta sudo pam-auth-update a ba da iznin shiga da yatsa. Mai kwamfutar gwanjo ya lura kuma: waɗansu idanun su kan riƙe zanen yatsa cikin kansu, har na mai ita na farko can Turai ya kan zauna ciki, sai an share shi tukun.

Amma inda na fi so masu karatu su tsaya shi ne kan yatsan kansa. Irin idon da ya fi yawa a kwamfutocin nan ba hoto ya ke ɗauka ba, da ɗan ƙarfin lantarki ya ke rarrabe tudu da kwarin fata, busasshiyar fata kuwa ba ta ba shi abin da ya ke nema. Shi ya sa yatsan da ta karɓa da damina ta kan ƙi shi da hunturu. Mu malamai ga alli kuma ya ƙara. Ni na kan hura wa yatsa iskar baki, ko in goga shi a goshi, in share idon da ƙyalle, sai ta buɗe. Kada kuma a tsaya ga manuni shi kaɗai, a koya mata yatsu uku ko huɗu, har da na hagu, gama shi ya fi hutawa.

Akwai kuwa yatsun da duk wannan dabara ba ta yi musu. A 'Yargalma, garin da duniya ta ji sunansa cikin 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara, ka dubi hannun wanda ya yi shekaru yana fasa dutsen zinariya, ko na tsohon da fartanya ta cinye. Zanen ya shafe sarai. Irin waɗannan su ne a ke sa su dangwala, su sake dangwalawa, wajen yin BVN ko katin ɗan ƙasa, har wani yaro ma'aikaci ya daka musu tsawa, sai ka ce su suka ƙera na'urar. Haba! Ran 28 ga Maris, 2015, na'urar zaɓe ta ƙi tantance Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan kansa a Otuoke, aka daɗe ana fama, ban ji wanda ya ce masa ya je ya wanke hannu ba. A zaɓen 2023 an yi aiki da BVAS, wadda in yatsa ya ƙi sai ta dubi fuska. Linux ma haka ta ke, in yatsa ya ƙi, ƙofar kalmar sirri tana nan buɗe.

Saboda haka duk wanda ya sa wa kwamfutarsa yatsa, ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya kulle a akwati, ya riƙa kwafe makin yara a filashi kowane ƙarshen mako. In kuma ya shiga da yatsa ta sake tambayarsa kalmar sirri, ba lalacewa ta yi ba, taskar da ta ke ajiye sauran kalmominsa ce ba ta buɗuwa da yatsa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Bukkuyum.