Tsohuwar Tashar Jirgi Ta Bronx

Yau zan ɗan jingine labarin da muke ciki, in ba ku labarin wani gini da ya daɗe yana tsaya mini a rai.

Wanda bai taɓa zuwa New York ba yakan ɗauka duk jiragenta a ƙarƙashin ƙasa suke gudu. To, a yankin Bronx da yawansu ta sama suke bi, a kan ginshiƙan ƙarfe, motoci na wucewa ta ƙasansu. Tashar East 180th Street, inda jirgi mai lamba 2 da mai lamba 5 suke tsayawa, tana cikin irin waɗannan. Sai dai ƙofar shigarta ta fita daban: gini ne mai hasumiya biyu da jan rufi, kai ka ce gidan wani attajiri aka ɗauko daga Italiya aka dire a bakin titi.

A 1912 aka gina shi, ya zama hedikwatar kamfanin jirgin New York, Westchester and Boston. Suna dai ya ambaci Boston, amma dogon bai taɓa kaiwa can ba, riba kuma ba ta samu ba. Ƙarshen 1937 jiragen kamfanin suka daina aiki, a 1940 birnin ya sayi ɓangaren layin da ke cikin Bronx.

Ni na san ginin lokacin da ya tsufa. Bango ya yi dauɗa, hanyar shiga ta yi duhu, kowa sauri yake ya wuce, kansa a sunkuye. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka saba. Idan kullum ta cikin ƙazanta kake bi zuwa neman abinci, a hankali sai ka fara jin iyakar darajarka ke nan.

A 2013 aka kammala gyara. An wanke bango, an gyara rufi, an share filin gaba, ga agogo a goshin ginin. An kuma sa lif, don haka tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai keken guragu sun huta da matakala.

Na ji masu cewa ɓarnar kuɗi ce, wai fasinja ba ado yake nema ba, jirgi ya zo a kan lokaci kawai. Ban ƙi tasu ba, amma da wuya ka ji irin wannan magana in a unguwar masu hali ake gyara. Masu bin tashar nan kuwa, ciki har da masu aikin dare da baƙi irina, su ma haraji suke biya.

Wani tsoron kuma yana nan: kada gyara ya jawo tsadar haya, waɗanda suka jure lalacewar wurin su kasa zama su mori kyansa. Wannan kam sai a zuba ido.

Allah Ya sa mu dace. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu.