Masu haddar buɗin wasa a lambun Luxembourg

A wani lungu na lambun Luxembourg da ke birnin Paris, 'yan fansho da ɗalibai kan haɗu su buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. Yawancinsu ba gwanaye ba ne. Amma kalli hannunsu a farkon wasa: taku takwas ko goma ba mai tsayawa tunani, sai dai ka ji ana dukan agogon auna lokacin wasa.

Hadda ce. Kowace hanyar buɗe wasa tana da suna da asali. Akwai wadda ake jingina wa Ruy López, limamin coci ɗan Sifaniya da ya yi littafi a kan wasan a 1561. Akwai ta Faransawa, wadda ta samo sunanta daga karawar da 'yan Paris suka yi da 'yan Landan ta hanyar wasiƙa tun daga 1834. Masu ƙyuyar karatu kuwa sun fi son tsarin Landan, don kusan duk abin da abokin karawa ya yi, jerinka ɗaya ne. Wani kundi da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya kasa hanyoyin nan gida 500.

Darar da na tashi ina gani a gindin bishiya ba haka take ba. Gurbi 30 ne a ƙasa, kuma wayam ake fara su. Kowa na riƙe da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke, ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku ba sai an gama dashe. Gwani yana da dabarunsa, amma a kansa suke, ya kuwa same su ne a tsugune bayan manya. Ga 'yan kallo da baki, kowa malami. A Paris in ka tsoma baki, harara za ka sha.

Ban raina karatun nan na ces ba, don shi ne ya sa yaro a Indiya ke iya koyon abin da aka buga a Mosko. Sai dai a hannun ɗan koyo rigar aro ce. Da abokin karawa ya kauce wa littafi, ko da bisa kuskure ne, sai ka ga mai hadda ya dafe kai yana kallon allo, ga matsayi mai kyau a gabansa, amma bai san dalilin da ya sa dokinsa yake inda yake ba.